Ruwan Sanyin Baba Mai Firji

Ina tsugune ina hura gawayi da sassafe sai na ji tim a bakin ƙofar gida. Kafin in waiga, wani dunƙulen ƙanƙara ya sulalo a kan siminti ya zo ya daki ƙafata. Baba Mai Firji ne kwance a ƙasa, hularsa can gefe, tsohuwar jakarsa ta zuwa aiki ta wage baki tana zubar da ruwa da garin katako.

"Yaya!" na ƙwala kira. "Fito, Baba ya faɗi!"

Matarsa, wadda duk gidan muke kira Yaya, ta fito ko kallabi babu. Muka kama shi muka zaunar. Gwiwarsa ta ɗaye tana jini, leɓensa ya bushe ƙamas, amma ko ta kan gwiwar bai bi ba. Ƙanƙarar yake kallo.

"Tela," ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "ɗauke abin nan kafin mutane su fito."

Na naɗe ta a gefen zanena na bi su ɗaki. Yaya ta buɗe firjin, na saka ta a cikin wata roba da ke ƙasa. Fitilar ciki ba ta kama ba. Kwalaben mutanen gida na jere, kowacce da alamar mai ita, wannan da zare a wuya, waccan da ɗigon fenti. Can a lungu ga 'yar kwalbar allurarsa ta ciwon suga, wadda likita ya ce kada a kuskura zafi ya taɓa ta.

Ban yi mamaki ba, don na jima da sani. Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, kuma bango ɗaya ne ya raba ɗakina da nasu. Tun da aka kawo ni gidan nan nake kwana ina tashi da gunjin firjin nan ta bayan kaina. Da shi na goyi 'ya'yana, da shi nake gane an kawo wuta tun kafin in kunna fitila. Wata rana aka kawo wuta, keken ɗinkina ya kama, bangon ya yi shiru. Na ce ko gyara yake so. Mako ya wuce, wata ya wuce, shiru. Amma kullum da la'asar mutane na karɓar ruwansu da sanyinsa.

Yaya ta biyo ni har ƙofa ta riƙe mini hannu.

"Injin ya ciro ya sayar, tun da damina," ta ce. "Da kuɗin aka sayi allura. Kwangon ne kawai ya rage. Don Allah ƙanwata, ki rufa mana asiri."

"Yaya, asirin me? Mutum na tafiya har bayan kasuwa a ƙafa da wannan jikin don ya sanyaya wa ƙattin gida ruwa?"

"Ke dai ki rufa."

Ni dai ba a yi ni da riƙe magana a ciki ba, mijina direba shaida ne. Amma ranar na haɗiye, na koma na samu gawayina ya mutu.

Baba a kamfanin sabulu ya yi aiki tun yana saurayi. Har ya tsufa in ya gitta sai ka ji kamar an buɗe sabon kwali. A shekarun da kamfanin ke tashe ya sayi firjin nan, shi ne na farko a duk layin. Yaya ta ce ranar da aka sauke shi daga mota sai da yara suka bi shi da gudu, mata suka shigo kallo kamar an kawo amarya. Tun daga ranar ya ce duk mai kwalba ya kawo, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Mai Firji.

Shi mutum ne mai son rediyo, kuma ba abin da yake jira kamar rahoton da ake yi duk bayan 'yan shekaru a kan talauci a ƙasa. Ma'aikata su bi gida-gida su yi tambayoyi, bayan an jima rediyo ya faɗi ko talakawa sun ragu ko sun ƙaru. Wai akwai wani layi, wanda ke ƙasansa talaka ne, wanda ke samansa ya tsira.

"A ƙasan layin aka haife ni," yakan ce, yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe a ƙofar ɗaki. "Shekarar da na sayi firji, rediyo ya ce talauci ya ragu ƙwarai. Na ce da Yayarki, kin ji, da mu ake. Muna cikin waɗanda suka haye."

"Ni dai Baba ban taɓa ganin layin nan ba," nakan ce. "Wa ya shata shi? Ya taɓa zuwa cefane?"

Sai ya yi dariya ya ce bakina ya fi almakashina kaifi.

Aka rufe kamfanin. Abin da aka sallame su da shi ya tafi a makarantar 'yarsu da aurenta, ita ma can nesa take fama da nata. Ciwon suga ya kama shi. Rahoton da ya biyo baya aka ce talauci ya tsaya cak, na bayansa aka ce ya ɗan ƙaru. Mu ba sai an faɗa mana a rediyo ba. Ni da nake ɗinka sababbin kaya na koma faci da rage tsawon wandon babba don ƙarami ya saka. Baba kuwa in aka karanta sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki bayin Allah," kamar labarin wata ƙasa ake yi.

Mu ma da namu wautar. In aka tashi haɗa wa wani taimako a gidan, ko an kwantar da yaro a asibiti ko an kori wani daga aiki, ɗakin Baba ake fara zuwa karɓa. Ba wanda ya taɓa cewa a kai masa. Ai mai firji ne.

Bayan faɗuwar nan na shiga dabara. Na bi matan gida ɗaya bayan ɗaya ina ce musu ruwan sanyi na kawo tari da ciwon haƙori, har na ƙara da cewa yana rage wa namiji ƙarfi, don na san wannan zai fi saurin isa kunnen mazan. Matar makanikin da ke gidanmu ta ce ita ma ta taɓa ji. Kwalabe suka fara raguwa. Na ce to, ko ba komai kuɗin ƙanƙara zai koma allura.

Da yamma ina kan keke sai ga inuwarsa a labule.

"Tela, sallama."

"Shigo Baba. Ya ƙafar?"

Bai shigo ba. Ya dafa ƙofa ya tsaya. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Me na yi miki?"

"Ni? Ba komai."

"An ce ke kike korar mini mutane."

Na tsayar da keken. "Baba, tunda ka tambaya zan faɗa. Allurar da likita ya ce ka yi safe da yamma, sau ɗaya kake yi, wata rana ma ba ka yi. Ƙanƙarar nan kafin azahar ta fara narkewa, maganin yana shan zafi. Ga tafiya, ga rana. Kashe kanka za ka yi a kan ruwan shan makaniki?"

"Ƙanƙarar don maganin nake saye."

"Ɗan gutsure ya ishi maganin. Kai rabin bulo kake ɗaukowa."

Ya kalli tulin wandunan da ke gefena.

"Ke yarinya ce," ya ce. "Ki bar mutane su kawo kwalabensu."

Ya juya. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanne ya fi yawa, sai na huce a kan wandon wani bawan Allah na ɗinke masa aljihu.

Ana haka sai labari ya zo cewa masu tambayoyin sun shigo unguwa, kuma wannan karon ba lissafi kaɗai za a yi ba. Duk gidan da aka samu a ƙasan layi za a ba shi kati, mai ciwo irin na Baba ya riƙa karɓar magani kyauta a asibiti. Na tafi da gudu na faɗa wa Yaya. Ta ɗaga hannuwa sama, idonta ya cika.

"In zai yarda," ta ce.

Wata budurwa ce ta zo gidanmu, siririya, da hular rana da babbar waya a hannu da take shigar da amsoshi. Ta gama da ɗakina, na bi ta ɗakin Baba na zauna a bakin gado kamar an gayyace ni. Baba ya saka rigarsa mai guga, ya sa Yaya ta goge firjin har yana ɗaukar ido. Igiyar wutar tana nan a soke a bango.

"Baba, kana da aikin yi yanzu?"

"Na yi ritaya."

"Akwai abin da ke shigowa duk wata?"

"Alhamdu lillahi."

"A makon nan akwai ranar da kuka wuni ba ku ci ba?"

"A gidan nan? Haba 'yata."

Yaya ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Ni na san jiya shayi ba madara suka sha suka kwanta.

"Firji yana aiki?"

Ya miƙe da ƙyar, ya buɗe, ya ɗauko kwalba tana raɓa, ya zuba a kofin gilas ya miƙa mata da hannu biyu. Yarinyar ta sha rana. Ta kafa kai ta shanye, ta sauke numfashi.

"Kai, na gode Baba. Tun safe ban samu mai sanyi ba."

"Ƙara mata," ya ce da Yaya, fuskarsa ta washe yadda na daɗe ban gani ba.

Na buɗe baki, ya kalle ni. Ba harara ba ce, roƙo ne, kuma shi ya fi ciwo. Na rufe bakina. Amma tana fita na zura takalmi na tare ta a bakin titi, wajen mai facin taya.

"'Yar uwa, tsaya. Firjin nan kwango ne. Ko inji babu."

"Na gani, Anti," ta ce. "Akwai wuta a gidan amma fitilar ciki ba ta kama ba. Na ga robar ƙanƙara ma."

"To ki gyara mana."

"Abin da mai gida ya faɗa shi nake shigarwa. In na canza da kaina, aka zo dubawa ya ce ƙarya na yi masa, aikina ya tafi. Ba shi kaɗai ba ne, wallahi. Tun da muka fara nake haɗuwa da irinsa, tsofaffin ma'aikata, ga talabijin ga kujeru, tukunya kuwa a kife." Ta gyara hularta. "Ba zan tura nasa ba tukuna. Zan dawo ƙarshen mako kafin mu bar unguwar. In ya yarda, sai mu sake."

Na koma na same shi yana wanke kofin da kansa. Na faɗa masa komai, har da cewa na bi ta. Na shirya ya zage ni. Yaya ta durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa gani ba.

"Malam, don girman Allah. Kalma ɗaya ce. Ka ce ba ya aiki."

Ya zauna a bakin gado da kofin a hannu.

"Ina ƙarami aka fara zuwa irin wannan tambayar," ya ce. "A ɗaki ɗaya muke da mahaifiyata, rufin yana yoyo. Wani mutum ya zo da takalmi mai ƙyalli, ba mu da kujera, a kan bokiti ya zauna. Mahaifiyata ta wanke kwano ta ɗebo masa ruwa daga randa. Ya leƙa ciki, ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafarsa. Har ya gama ya tafi bai taɓa ba. Bayan fitarsa ta ɗauki kwanon ita ma ta leƙa, ta jima tana leƙawa, tana neman abin da ya gani." Ya juya kofin. "Yau kun ga yarinyar nan? Ta shanye. Har ta ƙara."

Ya ɗago ya dube ni.

"Na haye, Tela. Da gumina na haye, aka faɗa a rediyo. Yanzu da bakina zan ce a mayar da ni?"

"Baba, ai duk mun koma," na ce. "Ni, da makaniki, da kowa. Ba laifinka ba ne aka rufe kamfani. Kai kaɗai kake tsaye a can kana riƙe da ƙanƙara."

Ya yi ɗan murmushi. Ya dubi matarsa da ke durƙushe, ya sa hannu ya ɗago ta.

"Tashi, gwiwarki ba ta da lafiya. Bari ta dawo, sai mu gani."

Yaya ta ɗauki wannan a matsayin ya yarda. Ni ma na so in ɗauka haka. Washegari na ce mijina zai riƙa ɗauko ƙanƙarar a mota, Baba ya ce a'a, mutane za su gani su yi tambaya. Ya rataya jakarsa ya fita kamar mai zuwa aiki.

Ana saura kwana ɗaya kafin dawowar yarinyar, Baba ya dawo daga bayan kasuwa yana haɗa hanya. Ya jera kwalabe, ya kwanta ya ce a ba shi ruwa. Ya sha ya ce a ƙara, ya sha ya amayar. Zuwa azahar numfashinsa ya canza, yana ja da ƙarfi kamar mai hawan tudu, ana kiransa ba ya amsawa sosai. Mijina ya bar lodi ya zo muka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta karɓi 'yar kwalbar allurar daga hannun Yaya, ta ɗaga ta a haske, ta girgiza kai.

"Mama, wannan ta lalace. Ba a firji kuke ajiyewa ba?"

"A firji," in ji Yaya.

Ya farfaɗo sau ɗaya da la'asar. Ya dube ni, ya motsa baki, na kai kunnena.

"An ba mutane ruwansu?"

"An ba su, Baba."

Bai kai faɗuwar rana ba. Allah ya jiƙansa. Na yi kuka, kuma cikin kukan har da fushi, da shi, da mu, da wanda ya shata layin da ban taɓa gani ba.

Washegari da safe, bayan an kai shi an dawo, gida ya cika. Matar makaniki ta shiga ɗakin don ta ɗebo wa baƙi ruwa. Ta buɗe firjin ta tsaya. Ta leƙa bayansa, inda inji ya kamata ya kasance, ta ga rami da yanar gizo-gizo. Ta fito ta zauna kusa da ni, ta rufe fuska da mayafi. Kafin yamma kowa ya sani. Ba wanda ya yi maganar, sai dai na ga mutane suna shiga ɗaya bayan ɗaya suna ɗauke kwalabensu a ɓoye a cikin riga, kamar kayan sata.

Wani dattijo da ba mu sani ba ya zo gaisuwa, hannuwansa duk sun yi fari sun tsattsage. Ya ce shi ne mai ƙanƙara na bayan kasuwa, ya ga safiya ta wuce abokinsa bai zo ba, ya bi tambaya har ya gano gidan. A buhu ya kawo rabin bulo, ya ce ba shi da abin da ya fi wannan. Yaya ta karɓa ta saka a robar ta rufe firjin.

Yarinyar ta cika alkawari. Ta shigo da hularta a hannu, ta ga tabarmi da mutane, ta gane. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta miƙe za ta tafi.

"Zauna, 'yata," in ji Yaya. "Ai kin ce za ki dawo a sake. Wa ake tambaya yanzu?"

"Ke ce, Mama."

"To tambayi."

Ta fito da wayar. Ta bi tambayoyin da sauri-sauri, Yaya na amsawa ba tare da ta ɗaga kai ba. Babu aiki. Babu abin da ke shigowa. An wuni ba a ci ba. Da aka zo kan firji yarinyar ta kasa karantawa.

"Ba ya aiki," in ji Yaya. "Rubuta. Amma ya yi aiki. Ya daɗe yana yi. In akwai wurin da ake rubuta wannan, ki rubuta."

"Babu wurin, Mama."

"To shi ke nan."

Ta tashi ta buɗe firjin, ta ɗauko kwalbar da ta rage, tasu, ta zuba a kofin gilas ta miƙa mata. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu ta shanye, hawaye na gangarowa cikin kofin. Bayan fitarta Yaya ta sunkuya ta zare igiyar wutar daga bango, ta naɗe ta a hankali ta ɗora a saman firjin, kusa da rediyonsa.

Washegari da rana aka ɗauke wuta. Kekena ya tsaya a tsakiyar faci, gidan ya yi tsit. Na jingina kaina da bango don in huta, sai na ji wani ɗan sauti daga wancan gefen, daidai inda gunjin yake fitowa a da. Ƙanƙarar mai ƙanƙara ce take narkewa, tana ɗiga daga bakin robar zuwa ƙasan firjin, ɗis, ɗis. Na zauna da wandon a cinyata ina saurare, har ɗigon ya riƙa jinkiri, har ya daina.